Kwandon Sharar Wasila

Duk wanda ya aurar da ɗiya a Birnin Ƙonni cikin shekarun nan, da wuya in hannun Wasila bai taɓa bikinsa ba. Shagonta na bayan tasha, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, tsakanin mai faci da mai sayar da ƙanƙara. Katin gayyata, kalandar amarya, ɗan hoton da ake liƙawa jikin bokiti a raba wa 'yan biki, duk ita ce. Amma aikin da ya kai sunanta har Illela da Malbaza shi ne gyaran hoton mamata. Mutum zai zo da katin shaidar mahaifinsa, hoton duk ya koɗe, hatimi ya cinye rabin kunne, Wasila ta zauna ta mayar masa da kunnen, ta sa masa babbar riga da hular da bai taɓa mallaka ba a duniya. Ƙato da gemunsa kan karɓi irin wannan hoto ya fita waje yana share ido da hannun riga.

'Yar Dogarawa ce, ɗiyar manomin gero. Tun tana ƙarama ita ke zana wa amaren ƙauyen lalle, har tsofaffi na cewa yatsunta sun fi bakinta magana. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, har kwaleji, sannan gwaggonta ta kai ta Tawa ta koyi aikin na'ura. Can Fa'izu ya gan ta, ɗan Illela mai gyaran waya da ordinata, wato kwamfuta, ya zo duba wata na'ura da ta ƙi tashi. Fa'izu mutum ne da zai yi maka bayanin cikin waya har kunnenka ya yi zafi, amma ka tambaye shi abin da ke ransa, sai ya ce lafiya lau. Da suka yi aure suka kama shagon nan tare, teburinta a tsakiya, nasa a lungu cike da wayoyin da aka farke.

Ɗiyarsu ta fari an raɗa mata Ummusalma. Wasila ba ta taɓa furta sunan ba, don ba a yi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. In ta kama dole sai ta ce “yarinyar nan”. Da aka yaye ta aka kai ta Dogarawa wurin kakarta, kamar yadda aka yi wa Wasilar kanta. Daga baya ta haifi maza biyu, waɗanda take kira da sunayensu, ta goya, ta daka, ta yi musu waƙa. Ita kuwa waccan, sai dai satar kallo in an je gida.

Wata Babbar Sallah, yarinyar na shekara biyar, surukin Wasila, wato Malam Dogo mahaifin Fa'izu, ya aika wa mutanen Dogarawa ragon layya. Farin rago ne mai baƙin kunne ɗaya, shi ya kiwata shi da hannunsa. Wasila ta ɗaga wayarta ta ce za ta ɗauki hoton ragon don a nuna wa Baba ya iso lafiya. Ta yi ta gyara tsayuwa, wai rana ce ke damun ta, alhali jira take yarinyar ta matso. Da ta matso ta kama igiyar ragon tana dariya, Wasila ta danna. Hoton rago ne, wa zai ce wani abu?

Daminar da ta biyo baya zazzaɓi ya kama yarinyar ran Talata. Korama ta cika, amalanken jaki ya kasa ƙetarewa, kafin a kai ta likita ran Laraba rai ya yi halinsa. Wasila ta zauna kwana bakwai ana shigowa ana yi wa uwarta gaisuwa, ita tana zuba wa baƙi ruwa. Ranar addu'ar bakwai Malam Dogo ya yabe ta gaban jama'a. “Wagga ɗiya an yi mata tarbiyya,” in ji shi. “Ta fari ta rasa, amma ko ɗigon hawaye ba ta bari anka gani ba.” Da zuciya ɗaya ya faɗa, bawan Allah, kuma da wannan yabon ya ɗaure ta tamau. Duk sanda kuka ya taso mata, maganarsa take tunawa ta haɗiye.

Wayar ta ɓace a tasha bayan wata biyu. Allah ya sa ta riga ta zuba hoton a na'urar shago, kuma ban da nan babu shi ko'ina a duniya. To ina za ta ajiye shi? Na'urar ba tata ce ita kaɗai ba. Fa'izu na buɗe ta, masu kawo aiki na tsayawa bayanta suna leƙen kowane dosiye, wato jakar ajiye fayil. Sai ta yi dabarar da ta gani wurin uwarta, wadda ke ɓoye 'yan kunnenta na zinari cikin tsohuwar tukunyar toka, don ɓarawo ba ya laluben datti. Kowace na'ura na da kwandon shara, inda abin da aka jefar ke zama har a zubar da shi gaba ɗaya. Dama Wasila ta saba barin zanen da aka ƙi a ciki, saboda ta san halin mutanenmu: amarya za ta sa ka sake kati sau huɗu, sannan ta ce na farkon ya fi. Fa'izu har tsokanar ta yake, yana kiran wurin bolar Wasila, amma ta hana shi taɓawa. Cikin wannan bola ta jefa hoton, ta sa masa suna da sifiri guda.

Ran Juma'a, in Fa'izu ya tafi masallaci ta sakaya ƙofar shago, sai ta ciro shi. Da farko kallo kawai take. Shekara na zagayowa, hannun ya yi abin da ya saba yi wa mamatan mutane. Ta yanke yarinyar daga gefen ragon, ta ɗan ja mata fuska, ta ƙara mata tsawo, ta cire mata haƙoran gaba biyu don 'yan shekara shida giɓi gare su. Shekara ta gaba ta mayar da haƙoran, ta rataya mata jakar lakwal. Ta gaba ta sa mata hijabi ruwan toka. Haka ta yi ta renon ta a ɓoye, shimfiɗa bisa shimfiɗa cikin fayil ɗaya, har yarinyar ta kai sha ɗaya ta fara kama da Fa'izu wajen goshi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne rufewa. In ta ji an sallame daga masallaci, dole ta danna ta sake jefa ta kwando, na'urar kuma ta tambaye ta da Faransanci ko ta tabbata. Duk Juma'a sai ta amsa cewa ta tabbata.

Na'urar kuwa ta tsufa. Tsohuwar Windows ce a kanta, wadda ta daɗe ba a sabunta ba, ga shi duk mai kawo hoto da katin wayarsa yake zuwa, kowane kati da irin birus ɗinsa, kamar an tara marasa lafiya a ɗaki ɗaya. Sai ta tsaya cak tsakiyar aiki, ko ta haɗiye kalandar da aka yini ana yi. Fa'izu ya ce magani ɗaya ne, a share ta tas a sa mata Linux, wani tsarin da ya koya wurin wani malamin lise, wato babbar sakandare, a Malbaza, wanda irin waɗannan cututtuka ba su cika kama shi ba.

“Ni ban san wani Linus ba,” Wasila ta ce. “Manhajar zanena za ta yi aiki a kai? Haruffana na nan? In babu, ka bar min tsohuwata da ciwonta.”

“Ba don shi anka yi ta ba, amma akwai gadar da ake ɗora ta. Ki ba ni lokaci.”

Wallahi ya wahala. Ya samo wata mushen na'ura ya yi ta gwaji a lungunsa sati shida. Farko manhajar ta buɗe babu rubutu ko ɗaya a samanta. Da ya gyara wannan, sai Bismillar da ake sawa a kan katin aure ta fito harafi daban daban, ta hagu ta koma dama. Da ya shawo kan wannan, firinta ta buga wata amarya kore shar kamar ganyen yakuwa, Wasila ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi ko a jikinsa. Ya bar aikin wayoyin mutane ya taru, ya rame, idonsa ya yi ja. Ita kanta ta yi mamakin wannan naci, don ba ta taɓa ganin ya ɗauki wani abu da zafi haka ba. Ran da katin farko ya fito daidai, launi da harafi, ya ajiye mata shi a tebur.

Daga nan ya sayo babban diski ya fara kwashe kayanta, dosiye bayan dosiye, yana dubawa ɗaya ɗaya. Sau biyu yana tambayar ta, idonsa na kan allon na'ura, “Babu wani abu da kike so in kula da shi musamman?” Sau biyu tana cewa babu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta yanke a ranta za ta fitar da abinta da kanta kafin ranar, tunda ya ce sai bayan Sallah za a yi sauyin.

Juma'ar farko babu wuta. Ta biyu akwai, ta ciro hoton, sai ta rasa inda za ta sa shi. Duk dosiyen da ta zaɓa Fa'izu zai buɗe, kile kuwa, ɗan abin nan da ake ɗiban fayil a ciki, duk suna aljihunsa. Ta zauna tana kallon goshin yarinyar har aka sallame, ta mayar da ita kwando, ta ce ran kasuwa za ta sayi kile nata na kanta.

Ta kuwa saya. Ta ƙulle shi a bakin gyale ta dawo shago da hantsi, zuciyarta wasai. Tun daga ƙofa ta ga takalman Malam Dogo. Ya zo cin kasuwa daga Illela, yana zaune bisa benci yana ɓare goro kafin mota ta cika. Fa'izu kuma na kan kujerarta, ya haɗa wayoyi ko'ina.

Ta durƙusa ta gaida surukinta, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Tana miƙewa Fa'izu ya ce, “Na'urar ga ta mutu sau ukku tun safe, da ƙyar ta tashi. In munka jira Sallah za mu rasa komi. Yanzu za ni yi shi. Na kwashe duka, saura bolarki.” Ya buɗe kwandon. Sunaye suka jeru, ɗaruruwa, babu hoto, sunaye kawai, sifirin nan na can sama. “Ga ta nan maƙil, kuma nan birus ka kwana. Akwai abin da za a ɗauka, ko shara ce?”

Kalma huɗu ta ishe ta. In ta ce a bar na saman, shi ke nan. Amma ta san mijinta, ba ya ɗaukar fayil sai ya buɗe ya duba, kuma allon na fuskantar benci. Yarinyar za ta fito ɓaro ɓaro da hijabinta gaban tsohon da ya yabe ta, ya ga shekara biyar tana wasa da fuskar mamaciya, ta fari ma, a ɓoye kamar mai tsafi. Ta ji kilen na sukar tafin hannunta ta cikin gyale. Malam Dogo ya ɗago yana murmushi.

“Kai dai Fa'izu da tambaya,” ya ce. “Abin da anka zubar a shara, mi za a yi da shi?”

Fa'izu bai kula shi ba, ita yake kallo. Wasila ta sunkuyar da kai.

“Shara ce,” ta ce.

Ya danna. Ta ɗauki buta ta zagaya bayan shago, ta tsaya jikin bango tana jin mai faci na dukan taya, ta daɗe a nan. Ko a nan ɗin hawaye bai zo ba, sai wani ɗaci da ya cika mata baki. Da ta dawo ta ɗebo wa surukinta ruwan sanyi, ta raka shi har bakin mota.

Sabuwar na'ura ta yi aiki, ba a magana. Ba ta tsayawa, ba ta cin aiki, haruffanta duk suna nan, katin kowa a soka ba fargaba. Bikin bayan Sallah Wasila ta fitar da kati fiye da kowace shekara, mutane na yaba Fa'izu, tana taya su. Ran Juma'a dai ta ci gaba da sakaya ƙofa, ta buɗe kwandon ta zauna gabansa. Wayam yake. Ta tsani tsabtar nan kamar me.

Juma'a ta uku Fa'izu ya dawo daga masallaci bai wuce lungunsa ba. Ya jawo benci ya zauna kusa da ita, yana juya hularsa a hannu.

“Ina son in tambaye ki wani abu, kada ki ji nauyi,” ya ce. “Wata Juma'a, shekara biyu ke nan, na mance tazbahata na komo. Na leƙo ta tagar ga na gan ki da hoton yarinyar nan. Na ga kin sa mata jakar lakwal. Na koma ban shigo ba.” Ya sake juya hular. “Tun ran nan ba ni da kwanciyar hankali. Duk sanda na'urar ta tsaya sai gabana ya faɗi, in ce yau birus ya cinye ta. Don ita na yi wanga aiki duka, ba don katin aure ba. Na bi dosiye ɗaya ɗaya ban gan ta ba, na ce kin sauya mata suna ne, tunda na kwashe komi tana ciki. Sati ukku ina nema cikin diskin. Ni ban da hotonta ko guda, fuskarta ta fara ɓace min. Ina kika aje ta?”

Wasila ta dube shi. Shekara goma sha uku suna ɗaki ɗaya, shago ɗaya, kowa na tsaron kunyar ɗan'uwansa. Ta kai hannu kan linzamin na'ura ta nuna masa kwandon.

Bai gane ba da farko. Da ya gane, hular ta faɗi ƙasa. “Innalillahi,” ya ce. “Na tambaye ki. Wallahi na tambaye ki.”

“Ka tambaye ni gaban Baba.”

Ya rufe shagon kwana huɗu. Akwai dabarun da masu gyara ke tono abin da aka goge, ya gwada duk wadda ya sani, ya hau babur har Malbaza wurin malamin nan ya dawo da wasu. Amma sabon tsari ya kwanta bisa tsohon wuri, ga aikin sati uku ya bi ta kai. Abin da ya fito tarkace ne, rabin fuskar wata amarya, tambarin masu albasa, hular wani mamaci. A rana ta huɗu da la'asar ya kira ta da wata irin murya. Ya samo abu ɗaya. Ragowar hoton farko ne, wanda ta yanke yarinyar daga ciki shekara biyar da suka wuce. Ga katangar gidansu ta Dogarawa, ga farin rago da baƙin kunnensa, ga igiya ta miƙe sama. Inda igiyar ta ƙare akwai farin gurbi fes, da siffar kai, da kafaɗa, da ɗan hannu a ɗage.

“Kina iya zana ta a ciki,” Fa'izu ya ce a hankali. “Kin mayar wa mutane da kunne, da ido.”

“Waɗancan akwai abin da nike dubawa,” ta ce. “In na zana wagga, wata ce za ta fito.”

Ta buga shi yadda yake, babba, a takarda mafi kyau da ke shagon. Ta sa shi a gilashi ta rataye saman teburinta, inda kowa ke gani. Masu kawo aiki kan tambaya ko firinta ce ta lalata shi, ta ce a'a, ta ci gaba da aikinta.

Bayan girbi Malam Dogo ya sake zuwa cin kasuwa. Ya zauna bisa bencinsa ya ciro goro, idonsa ya sauka kan bango. Ya tashi ya matsa kusa, fuskarsa ta washe.

“Kai! Ashe ragona ne, mai baƙin kunne! Wanda na aika Dogarawa.” Ya kai yatsa ya taɓa gilashin. “To mi ya ci hoton nan tsakiya? Wa ke riƙe da igiyar?”

Fa'izu ya ajiye wayar da ke hannunsa. Akwai mata biyu a shagon suna jiran kati, ga mai faci ya leƙo neman aron almakashi. Wasila ta miƙe tsaye, ba ta durƙusa ba, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba.

“Ummusalma ce, Baba,” ta ce. “Ɗiyata.”